Faifan Ranar Fenti

Ya sanyin idona, inuwata ta tsakar rana, farin watana, uwar 'ya'yana,

Daga kan benci a shagon mai gyaran kwamfuta nake aiko miki da wannan. Kin san ban taɓa zama a aji ba, don haka ni ke faɗa, shi ke rubutawa, yana ƙunshe dariya. Ya yi ta yi.

Kin tuna faifan ranar da muka tare a gidanmu, wanda babban ɗanmu ya ɗauka? Ina kan tsani ina shafa fenti, kina ƙasa kina cewa na tsallake gefe, har bokitin ya kife a kaina. Wace irin dariya ce wannan kika yi? Kamar ruwan farko a kan rufin kwano, kamar tsuntsaye sun tashi gaba ɗaya daga bishiya. Kika goge mini fuska da bakin zanenki kina ce mini tsohon banza, alhali furfurata ba ta kai a gani ba.

Shekaranjiya na saka faifan. Ɗan aljihun da ake saka faifai a kwamfuta ya buɗe, ya karɓa, amma kwamfutar ta ce sam ba ta san da wani aljihu ba. A jikinta yake, tare aka ƙera su, ta manta shi. Na kasa tashi daga wurin. Ashe ba haka kika yi mini ran nan a ɗakin 'yarmu ba? Kika gyara mayafi, kika ce, "Sannu da zuwa, Malam, wa kake nema?"

Yara sun ce zamanin faifai ya wuce, in haƙura. Zamaninsu ne zai wuce. Mai gyara kuma ya ce in bar masa kwamfutar da faifan zuwa jibi, na ce faifan nan ko ƙofa ba ya tsallakawa sai da ni. A gabana ya kwance bayanta, ya hure ƙura, ya nuna mini wata 'yar siririyar waya da ta saki. Ya ce babu abin da ya mutu, haɗin ne kawai ya kwance. Ya tura ta, ya kunna, sai ga muryarki ta cika shago. Na tambaye shi ko mutum ma yana da irin wayar nan. Ya sunkuyar da kai yana neman sukudireba.

Gobe ina tafe, abar ƙaunata, da kwamfuta a hammata. Ki daure ki kalla tare da ni. In kin gane mai fentin nan, alhamdulillahi. In ba ki gane ba, kada ki wahalar da ranki. Zan yi sallama, in faɗi sunana, in fara neman ki daga farko. Karon farko ma ai ba ki kula ni ba, kuma ban tafi ba.

Naki, ko kin sani ko ba ki sani ba, har ranar da za a rufe ni,
Tsohonki