Wanda Ya Kashe Inji

Talata, bayan isha'i. Kakar gyaɗa.

Yau na gwada mutum biyun da suka rage a neman aikin shef, wato shugaban ma'aikata, na injin matsar mai. Kowa buhu biyar da awa guda, kamar yadda na tsara a takarda.

Malam Habu, mutumin Takeita, bai yi minti ashirin ba ya kashe inji. Ya nuna bakin da ake zuba gyaɗa, ya ce, "Malam Sani, ina ragar ƙarfen da ke rufe nan?" Na ce an cire ta shekara biyu ke nan, don aiki ya yi sauri. Ya ce, "To, ni hannu biyu gare ni, kuma duka ina so." Ma'aikata suka yi dariya. Ni ban iya ba.

Ilu kuwa ya gama buhunansa da sauran lokaci, yana tura gyaɗa da tafin hannu yana hira.

Alhaji, mai masana'antar, ya kira ni biro, wato ofishinsa. "Wa ya fi fidda mai?" Na ce Ilu. Na kawo maganar raga, ya ce sai bayan kaka. Bara ma haka ya ce.

Ni na tsara makin nan da kaina: sauri, yawan mai, tsabta. Ban bar wa mai tsayawa saboda haɗari ko layi ɗaya ba. Mantuwa na yi, ko na san abin da Alhaji ke so?

Gobe da takwas Ilu zai zo sa hannu a takardar ɗaukar aiki. Ya ce zai taho mini da goro. A daren nan na rubuta wa Alhaji wasiƙa sau uku kan ragar nan, kowace ta fi ta baya ladabi. Ta ukun ba ta ma ambaci hannu ba.