Na Ba Kada Muryar Kawuna

Gwaggo Asabe, assalamu alaikum. Don girman Allah ki taimake ni da shawara. Na yi ɓarna da bakina, kuma wanda ɓarnar ta faɗa wa shi ne mutumin da ya fi kowa haƙƙi a kaina.

Sana'ata fassarar fina-finai. Muna da ɗan ɗaki a Kambarawa ni da abokina Shehu, mun liƙe bangon da soso don kada hayaniyar titi ta shigo. Mu cire maganar 'yan fim mu ɗora tamu ta Hausa, masu tura fina-finai a waya su karɓa su baza a gari. Wanda bai san aikin ba zai ɗauka kalma da kalma muke bi. Ina! Rabin abin da muke faɗa babu shi a fim ɗin. In ba ka sa gishiri ba, ba mai kallo. Kuma kowane mai fassara yana da mutanen da yake aron muryarsu, wani mai shayin bakin tasha, wani malamin firamaren da ya taɓa zane shi.

Wata huɗu da suka wuce aka kawo mana wani katun, wato fim ɗin zane, da aka yi daga gem ɗin nan da yara ke bugawa a waya, na ɗan kurege mai tsalle-tsalle da ƙaton kada mai hula da ke tare masa hanya. A gem ɗin kadan ba ya magana, gurnani kawai yake yi, yaro ya jefe shi da 'ya'yan itace har hularsa ta faɗi, shi ke nan an ci. A fim kuwa bakinsa ba ya hutawa. Na gwada murya uku Shehu yana girgiza kai. Can sai na yi gyaran murya sau biyu, na ja numfashi na ce, “To madalla da rashin kunya, mi ya yi saura?” Shehu ya faɗo daga kujera don dariya. Ni ma na yi, Allah ya yafe mini.

Gwaggo, maganar nan ta Kawu Mati ce, wan mahaifiyata. Shi ya ɗauke ni shekarar da soja suka miƙa mulki, lokacin da mahaifina ya rasu ina ɗan shekara takwas. Gyaran keken ɗinki yake yi a Ƙofar Durbi, ya fi shekara arba'in a kan dakalin ƙofar gidansa. Duk unguwa an san gyaran muryar nan da wannan kalma, da ita yake korar yara in sun dame shi da ƙwallo. Wallahi ban yi don cin fuska ba. Tun ina ƙarami nake kwaikwayonsa, muryarsa ce ta fi zama a bakina. Na zaci fim ɗin zai yi sati biyu a wayoyi a manta da shi kamar sauran.

Ba a manta ba. Abin da ban lissafa ba shi ne yaran nan sun shekara biyu suna kayar da kadan da babban yatsa, yanzu kuma sai ga muryarsa a lungunsu. Suka fara tsayawa nesa suna gyaran murya. Ya yi musu tsawa da kalmarsa, suka kwashe da ihu, don abin da suke jira ke nan. Ranar wata Laraba wani ya jefo ƙwallon mangwaro, ya tuge masa hula a gaban masu kawo gyara, yara suka yi ta tafi wai an ci. Tun ranar bai sake zama a dakali ba. Ya mai da aikin cikin zaure, ya daina faɗa, ya daina ma magana sai dole. Yanzu cewa yake zai koma Batagarawa wurin 'yarsa Jamila.

Shekaranjiya ya kira ni. Wani maƙwabci ya kunna masa fim ɗin ya ji da kunnensa. Kawu ya ce tunda ni na san harkar na'urori, in bincika masa wanda ya yi, ba don ya kai ƙara ba, so yake kawai ya tambaye shi me ya taɓa yi masa. Shi a saninsa gyaran waya nake yi. Na ce to, na fito. Ga kashi na biyu na fim ɗin ya iso, Shehu ya ce in ba muryar nan ba ba wanda zai karɓa. Ina tsoron in faɗa wa Kawu ya cire ni daga ransa, ina kuma jin kunyar kallon idonsa. Ya zan yi?

Mai Muryar Aro, Katsina

Wa alaikumus salam, ɗana.

Na yarda ba ka yi da mugun nufi ba. Yaro ba ya haddace gyaran muryar mutumin da bai damu da shi ba, kuma sana'arka ba abin kunya ba ce, ko da yake ɓoye ta da ka yi wa Kawu shi ma laifi ne mai zaman kansa. Ba kai ka yi jifa ba, wannan yana wuyan yaran da iyayensu. Amma kai ka nuna musu inda za su jefa. Mai shayin tasha da kuke aron muryarsa, shi ma kawun wani ne, sai dai ba ku taɓa ganin abin da ya biyo baya ba.

Kashi na biyu dai ka ce wa Shehu a'a yau, ba gobe ba. Wanda ya iya murya uku zai iya ta huɗu. In kasuwa ta ja baya, ta ja. Na farkon kuwa kada ka ruɗi kanka, abin da ya shiga wayoyi ya shiga, ba ka da igiyar janyo shi. Abin da ke hannunka shi ne unguwa. Ka bi gidajen yaran da ƙafarka, ka sami iyayensu da limamin masallacinku, ka ce ni ne na yi, kuma dattijon nan ubana ne. Yara suna saurin ɗauka, suna kuma saurin saki in sun ga manya sun ɗaure fuska.

Amma duk wannan sai bayan ka shiga zauren nan. Kada ka aika mahaifiyarka, kada ka rubuta takarda. Ka je kai kaɗai, ka durƙusa, ka fara da laifin kafin dalilin. Zai iya yin fushi, zai iya daina amsa gaisuwarka na wani lokaci, ka jure, ka ci gaba da zuwa gaishe shi kullum. Ba zan yi maka alkawarin zai fasa tafiya Batagarawa ba. Abin da na sani shi ne Katsina ba ta ɓoye irin wannan, kuma in a bakin wani ya ji, abu biyu zai rasa: mutuncinsa a titi da amanarsa a gida. Yanzu haka dattijo yana zaune yana laluben wanda ya tsane shi a garin nan, alhali babu shi. Ka je ka sauke masa wannan nauyin kafin Juma'a.

Allah ya sanyaya zuciyar Kawu, ya mai da shi dakalinsa da mutuncinsa, kai kuma ya ba ka ƙarfin buɗe baki.

Gwaggo Asabe