Ni Zan Kawo Hanifa Allura Ranar Talata

Zuwa ga Hajiya, shugabar sashen awo da rigakafin yara na asibitin unguwarmu, Nassarawa GRA, Kano.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina yi miki sannu da aiki. Ni tela ne, mahaifin Hanifa, 'yar wata tara. Sau biyu ina neman ganinki ana cewa kina taro, shi ya sa na rubuto a fili.

Na farko, Talata biyu a jere ina kawo Hanifa allurar ƙyanda, ana mayar da ni daga bakin ƙofa. Ma'aikaciyar da ke karɓar kati ko buɗe namu ba ta yi ba. Ta ce in je in turo uwar yarinya, wai nan ba wurin maza ba ne. Ina juyawa wata a layi ta kira ni mijin-ta-ce. Wannan bai dame ni ba, a bakin shagona ma na sha jin sa. Abin da ya ƙona min rai, a saman ƙofar da aka kore ni an rubuta da manyan baƙaƙe cewa rigakafi ya fi magani.

Na biyu, uwar Hanifa ba barci take yi a gida ba. Malama ce a makarantar 'yan mata ta gwamnati, ita kaɗai ke koyar da lissafi a ajin ƙarshe, ga jarrabawa ta matso. In ta zo ta bi layinku, aji guda ne zai wuni babu darasi. Ni kuwa in na rufe shago awa biyu, keken ɗinkina ba zai kai ƙarata ba. Haka muka tsara gidanmu. Ni nake dama wa Hanifa kunu da safe, ni na fara ganin haƙorinta na fari. Wace tambaya za a yi wa uwarta da ni ba zan amsa ba?

Na uku, na san mata na shayarwa a zauren jiran allurar, kuma ina ganin mutuncinsu. Ban ce sai na shiga ba.

Hajiya, ƙyanda ta riga ta shiga gida biyu a layinmu. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye miki ba.

Roƙona shi ne a ajiye benci ɗaya a ƙarƙashin darbejiyar bakin ƙofa domin iyaye maza, a karɓi katinmu kamar na kowa, in layi ya zo kanmu a yi wa yaro allurarsa. A kuma ja kunnen masu karɓar kati su riƙa duba watannin yaro kafin su duba wanda ya ɗauko shi.

Allah Ya ƙara miki lafiya, Ya saka miki da alheri a kan yaran da kike kula da su.

Talata mai zuwa ƙarfe takwas ina nan tafe, Hanifa a kafaɗa, kati a aljihu. In ba a ajiye bencin ba, zan zo da kujerar shagona.

Wassalam.

Baban Hanifa