Wa Ya Kira Ni a Dajin Giwaye?

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da ladabi, daga Lyon zuwa makwancinki a Damagaram. Na san takarda ba ta isa can, amma maganar nan ta fi ƙarfin cikina.

Watan jiya wurin aikinmu suka tura ni taro Botswana. Da aka tashi, abokan aiki suka ja ni kallon namun daji. Kin san ni, ko ragon maƙwabta kauce masa nake, amma na hau motar.

Mun ga raƙuman dawa, mun ga jakunan dawa masu zane kamar tabarma. Da hantsi direba ya kashe mota, ya ɗora yatsa a baki. Giwaye ne tsaye a kan ƙasusuwan wata 'yar'uwarsu, babbar tana shafa ƙoƙon kan da hancinta a hankali. Direban ya yi mana raɗa cewa haka suke dawowa wa matattunsu. Kunya ta rufe ni, Inna. Ni da takardun izinin zama a nan suka hana ni zuwa ko zaman makokinki.

Dajin ya yi tsit, ko tsuntsu babu. Sai na ji an kira sunana, "Rakiya", daga bayana, inda ba komai sai busasshiyar ciyawa. Muryarki ce, har da 'yar shaƙewar nan taki ta safe.

Ni ce 'yar farinki. Shekara talatin da ɗaya ba ki taɓa kama sunana ba, daga "ke" sai "waccan". Ina ƙarama nakan laɓe bayan randa in ƙi amsawa, ko za ki gaji ki faɗa. Ba ki taɓa gajiya ba.

Don haka na san ba ke ba ce. Kuma ke kika sha ja mana kunne idan za mu itace: "In aka kira ki a daji ba ki ga mai kira ba, kama bakinki."

Inna, na amsa. Wallahi da ƙarfi na ce na'am.

Wata Baturiya da ke gefena ta juyo tana dubana. Babbar giwar ta ɗago kai, ta tsallake ni da ido, ta kafe wani wuri a bayan kafaɗata. Ban waiwaya ba har muka bar dajin.

Yau sati uku da dawowata Vaulx-en-Velin, unguwarmu a gefen Lyon. Ina azkar safe da yamma, ba a sake kira ba. Sai dai na daina sa abin sauraren waya a kunne a cikin métro, jirgin ƙasan garin nan, kada a kira ban ji ba. Tsoro nake ji ƙwarai, don na san in aka sake, zan sake amsawa.

Ki yafe mini. Allah Ya haskaka kabarinki, Ya tsare ni daga abin da ya ari muryarki, Ya haɗa mu inda za ki kira ni da bakinki.

Taki har kullum,
'Yar farinki