Wa Zai Wanke Babana, Ya Bukar?

Assalamu alaikum, Ya Bukar. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen Zango baki ɗaya.

Bana shekara huɗu ke nan rabona da Damagaram. Ina nan Tamanrasat ina kwaɓa siminti. Na kira ka har na gaji, kullum kana rinyo, taro bayan taro, shi ya sa na rubuto a nan inda kowa zai gani. In ranka ya ɓaci, nawa ya riga naka.

Ƙanwata Hadiza ta aiko mini da murya cewa Tsoho Nuhu na bayan gidanmu ya rasu da hantsi, ba a kai shi ba sai bayan la'asar. Me ya tsayar? Babu mai wanka. Ƙungiyar da muka kafa don kada a sake ganin haka tana otal, ana koya mata haƙƙin ɗan Adam. Na ga hoton. Kai ne a tsakiya, da farar riga mai tambari, da gorar ruwa a gabanka.

Ka manta yadda abin ya faro ne? Ranar da Malam Idi maƙwabcinmu ya cika, tsofaffin unguwarmu Kara-Kara suka zauna suka sa gawar a gaba. Sun san wanka sarai, amma kuturta ta cinye musu yatsu. Masu yatsu kuma, a unguwannin da ke kewaye, suka ce su dai a'a. Aron makara muka je, aka ce an kai ta gyara, alhali ga ta can jingine muna kallo.

Kai ba ɗan unguwarmu ba ne, ƙwallo ce ta haɗa mu. Amma kai ka naɗe hannun riga ka shiga. Babana ya tsuguna gefe yana nuna maka da dungunsa, dama kafin hagu, yana cewa, "A hankali, ɗan Barebari, ba fata kake jima ba." A ɗakin gawa muka yi dariya, Allah ya yafe mana.

Da ka koma gida aka hana ka shiga sai da ka tuɓe a zaure ka cuɗa jikinka da toka. Washegari ka dawo da abokanka, kana cewa, "Wanda aka ƙi da rai, kada a ƙi shi da mutuwa." Muka yi karo-karo, mai walda ya haɗa mana makara, ƙafa ɗaya ta fi sauran gajarta. Muka bi masallatai muna gaya wa mutane cewa iyayenmu sun warke tun ba a haife mu ba. Aka zage mu, aka ce muna neman suna. Sannu a hankali sai ga ƴan kabu-kabu suna ajiye babur su kama makara. Ba mu da parzida, wato shugaba, a lokacin, ba mu da hatimi, amma gawa ba ta wuce azahar.

Ba zan ci amanar gaskiya ba. Furojen tallafin da ka kawo ya yi aiki: ga famfo a bakin layinmu, ga yara a lakwal suna karatun boko, har da na Hadiza. Kana da bakunan ciyarwa, na sani. Ni da na bi hamada ma, wani zai ce ban da bakin magana. To amma famfo ba ya wanke gawa shi kaɗai, Ya Bukar! Yanzu an ce sai an kira sakatare, shi kuma ya nemi mai mabuɗi, don makarar tana kulle a biro, ofishin ƙungiya. Makara a biro! Wa ya taɓa jin haka? Yaran da suka shigo bayanmu sun iya tsayawa gaban baƙi su zuba Faransanci, amma a cikinsu wa ya san inda ake fara zuba ruwa?

Ga abin da ke cina. Baba ya kwanta tun bayan sallar layya. Hadiza ta ce ko kunu sai da lallashi. Bai tambayi yaushe zan dawo ba, ya san hanya da nisa, ya san yadda take. Kai ya tambaya. Ya ce hannunka yana da taushi.

Ba na roƙon ka bar aikinka. Ka fito da makarar nan ka mayar da ita ƙofar masallacin unguwa. Ka ɗebi samari ka kai su gaban Baba tun yana iya nuni, ya koya musu yadda ya koya maka. In kuma ta Allah ta kasance ban iso ba, ka fita daga rinyon nan, ko wa ke magana.

Allah ya ba Baba lafiya, ya jiƙan Tsoho Nuhu da Malam Idi. Allah ya saka maka abin da ka yi mana, ya kuma karkato da kai. Ya sa mu cika a hannun masu tausayinmu.

Abin da na tara a nan ba shi da yawa: farin yadi na likkafani, kwalbar turare ɗaya, da kuɗin mota da zai kai ni Agadas. Daga can zuwa gida ban haɗa ba tukuna.

Naka, ko da fushi,
Mutari, ɗan Kara-Kara.