Baƙar Kazar Hasiya

Laraba, 6 ga Sha'aban, shekarar Nasara 1942

An yi sadakar arba'in ɗin matata Hasiya, mutane sun watse. Ta bar mini tabarma biyu, da tukunya mai tsagu, da baƙar kaza. Wasu matan sukan bar wa miji gona.

Kafin ta cika sai da ta kama hannun rigata. Kazar ta alkawari ce, ta ɗaura wa Doguwa, iskar bori, ita tun ranar da Faransi suka ɗebi ɗanmu soja. Ba a sayarwa, ba a yankawa, sai ran da ya dawo a kai ta gindin tsamiya. Kuma kullum sai ta ci daga ƙwaryar gidan nan, daga hannun jininsa. Rabonsa ne take ci, in ji ta. Muddin tana ci a nan, shi ma yana ci a can. Na ce to. Mi za ka ce wa mai mutuwa?

Ɗan fari ne, bakina bai taɓa kiran sunansa ba. Takarda dai ba ta san kunya ba: Ado.

Asabar, 9 ga Sha'aban

Rumbu ya kusa nuna gindinsa, gero bai nuna ba tukuna. Lantana, matar yaron, ta kawo tuwo wanda bai kai dunƙulen hannu ba. Na cinye, na kankare ƙanzo, na watsa wa baƙar abin da ya maƙale a farce. Ta dube ni da ido ɗaya, ta juya ta dube ni da ɗayan, kamar alƙali.

Lantana ta ce, "Baba, Inna loma guda takan cire mata." Na ce Innarki 'yar Lugu ce, su da iskoki tare suka yi rarrafe. Ni mai salla ne. Ragowa ake ba kaza, kuma bana ragowa ta yi ƙaura.

Talata, 19 ga Sha'aban

Kazar ta shiga ɗakina ta yi kashi a kan buzu. Doguwa, in kina ji, ga tarbiyyar baiwarki.

Alhamis, 6 ga Azumi

Altine, ƙanwar marigayiya, ta zo daga Lugu da zobbanta na bori. Ba ta gama gaishe ni ba ta ɗaga kazar ta taɓa ƙirjinta. "Mani, wagga ƙashi ce ko kaza? Haka kake ciyar da ɗanka?" Na ce ɗana yana hannun Faransi, Faransi tana hannun Jamus, ki tafi can ki yi musu faɗa. Ta ce bakina ya fi hannuna tsawo tun ina saurayi.

Ta nuna mini yadda Hasiya take kiran kazar: a ƙwanƙwasa gindin ƙoƙo da yatsa, a ce kur-kur-kur. Na gwada don ta ƙyale ni. Shegiyar ta sheƙo har tana tuntuɓe.

Lahadi, 23 ga Azumi

Sabon gero ya shigo. Yanzu akwai ragowa: ƙanzo, gutsuren dawo, dusa, ƙashin da babu. Da an sha ruwa sai ta zo ta tsaya jikin gwiwata. A tatsuniyoyin kakata dabba takan buɗe baki ta faɗa wa mutum inda abinsa ya ɓata. Na tambaye ta a hankali, ba kowa kusa. Ta tsattsagi babban yatsana.

Jumma'a, 4 ga watan tsakanin salloli

Mai shela ya zaga: kumandan, Nasaran da ke mulkin garin, yana son kaji, kowane gida guda. Sun karɓi gero, sun karɓi 'ya'ya, yau sun sauko kan kaji. Sauran ƙadangaru. Mu kuwa ita kaɗai gare mu. Na jefa ta cikin rumbu na rufe.

Asabar, 5 ga wata

Maikano suka turo, gardi, wato dogarin kumandan, ɗan maƙwabta, wanda ya girma yana lasar ƙwaryar Hasiya tare da yaron. Jar hula, bulala a hamata. Ya durƙusa ya gaishe ni, ban da abin cewa game da durƙusonsa. "Baba, ina kazar?" Na ce shaho. "Allah sarki, shaho." Ya zaga tsakar gida, ya ɗauki ƙoƙon da na bari bakin ƙofa, ya ƙwanƙwasa gindinsa. Kur-kur-kur. Da muryar Hasiya ya yi shi, wallahi har da karyewar ƙarshe.

Rumbu ya amsa.

Lantana ta faɗi tana roƙo: ta alkawari ce, ka sani, ta abokinka ce. Bai dube ta ba. Ya ce, "In ban kai ba ni za a ɗaure. Doguwa ba ta da gidan kaso, kumandan yana da." Ya ɗaure ƙafafunta ya rataya a kafaɗa. Da zai fita ya ce Allah ya huci zuciyar Baba.

Da na bar ta da yunwarta da tsoronta, da ba ta amsa wa kowa ba.

Litinin, 7 ga wata

Lantana ba ta ci ba. Ni na ci. Na rage, ban san wa zan ba ba.

Laraba, 9 ga wata

Na hau har bariki. Ɗanjuma, kukun kumandan, wanda na koya wa alif da ba yana da majina a hanci, ya leƙo ta bayan darni. Ya ce ba a yanka kazar ba. Madam, matar kumandan, ta ga tana ƙwai, ta sa a ajiye ta tare da wani ƙaton zakaran da aka kawo daga Dosso. Abin da ya rage a teburin kumandan shi ake zuba musu: burodi, shinkafa, har da miyar nama. Na ga masakin da idona. Gida uku zai ciyar a unguwarmu.

Na ciro lomar tuwo daga aljihu, na ƙwanƙwasa ƙoƙo. Ta ɗago kai, ta zo, ta tsattsaga sau ɗaya, ta koma kan burodi. Ɗanjuma ya yi dariya har da riƙe ciki. "Malam, ta shiga aikin gwamnati!"

Sau ɗayan dai ta ci. Daga hannuna.

Talata, 22 ga wata

Kullum da la'asar ina hawa bariki. Gwiwa tana ƙara. Mutane sun fara cewa tsoho Mani yana bara a bayan gidan Nasara. Gara haka da su san gaskiya.

Asabar, ranar Layya

Ba rago. Maƙwabta sun aiko da tsoka. Na yanki kaɗan na kai wa kazar, ta karɓa.

Jumma'a, 16 ga watan Layya

Sallar Nasara, Nowel suke ce mata. Baƙi sun zo daga Dosso, kaji ba su isa ba.

Ɗanjuma bai yi dariya ba yau. Ya miƙo mini ƙunshin tsumma ta ƙasan darni: gashin fiffike baƙi, da ƙwai uku da ya ɓoye wa madam. "Nata ne, Malam. Iyakar abin da na iya."

Ban faɗa wa Lantana ba. Ta ga gashin.

Lahadi, 18 ga wata

Altine ta zo. Na tambaye ta, ba don na yarda ba, ko Doguwa takan karɓi ɗiya a madadin uwa. Na zaci za ta yi mini tsiya. Ta daɗe tana juya zobenta, sannan ta ce ba ta sani ba, ba a taɓa yi ba. Ban taɓa jin ɗan bori ya ce bai sani ba. Da ta yi mini ƙarya da na fi samun barci.

Ƙwan suna ƙarƙashin kazar wata maƙwabciya, wadda ta kwanta kwanci.

Lahadi, 10 ga watan Cika-ciki

Biyu sun lalace. Ɗaya ya ƙyanƙyashe shekaranjiya. Baƙa ce, sai ɗigon fari a wuya, gadon uban nan na bariki. Ko Doguwa za ta yi ƙorafi a kan ɗigo, wannan tsakaninta da kumandan.

Yau kowa yana cika ciki, ana cire wa matafiya rabonsu. Labari daga can, babu. Lantana ta ajiye ƙwarya a gabana ta tsaya, sai na ji ta ce, "Baba, ai ba ku fara ci ba."

Na duba hannuna. Na riga na gutsuri lomar farko, ta saman, mai miya, ina murmushe ta ƙanana yadda bakin zai iya ɗauka.

Na ce tuwon ne da zafi.

Ba zan koya wa 'yar kazar nan kiran ƙoƙo ba. Wannan a ɗakina za ta riƙa ci, ƙofa a rufe.