Madallar Da Ta Shiga Tsakanina Da Abokina

Anti mai ba da shawara,

Don Allah ki taimake ni, bakina ya jawo mini abin da na rasa ta inda zan ɓullo masa. Ni dattijo ne, na yi ritaya daga masaƙa bayan na ƙare ƙuruciyata a tsakiyar ƙarar injuna. Da na dawo gida zama ya ishe ni, ni ma na ishi maiɗakina, har ita da kanta ta tura ni wata ƙungiyar sa-kai ta unguwarmu. Duk Asabar da safe muna haɗuwa a wani aji na makarantar firamare, mu sha shayi, mu yi wa juna tsiya, sannan mu fita aiki. Yau yashe kwata, wani satin fentin ɗakin marasa lafiya, wani satin gyaran bencin 'yan makaranta. Duk inda ake buƙatar hawa tsani ni nake hawa. Wallahi tun daga Laraba nake ɗokin Asabar.

Abin da ban taɓa faɗa musu ba shi ne kunnena ya tafi. Na hagu ya mutu murus, na dama kuma sai an matso. Ga fankar ajin nan mai ƙara kamar za ta faɗo, ga kowa na magana lokaci ɗaya. Sai na koyi dabara: in na ga ana dariya in yi dariya, in an kalle ni in gyaɗa kai in ce madalla. Da wannan madallar na daɗe ina rufa wa kaina asiri.

Ina da aboki a ƙungiyar, kafinta ne. Ranar da na fara zuwa shi ya matsa mini a benci, kuma shi ke riƙe mini tsani. Kwanakin baya bai zo taro ba. Shugabanmu ya yi wata sanarwa, na ga an yi tsit, na ɗauka maganar fentin da ya ƙare ce, na gyaɗa kai abina. Da abokin nawa ya dawo, muna cire ƙusoshi daga wani karyayyen tebur, sai ya sunkuyar da kai ya faɗa mini wata magana ƙasa-ƙasa. Kalma ɗaya na tsinta a bakinsa, wato "ƙanina". To na san ƙanin nasa yana gini, har muna tsokanarsa cewa ginin ya ƙi ƙarewa. Sai na yi dariya, na dafa kafaɗarsa, na ce madalla, ai dama lokaci ya yi.

Anti, ashe rasuwa yake faɗa mini. Ƙanin nasa ne Allah ya yi wa cikawa, wanda ya rena kamar ɗan cikinsa. Maiɗakina ce ta jiyo a bakin matar abokin nawa, ta zo tana tambayata ko na zautu ne. Sanarwar nan ta shugaba ma ta rasuwar ce, kowa ya je gaisuwa sai ni. Ranar ko abinci kasa ci na yi.

Yanzu in na gaishe shi sai ya amsa a taƙaice ya wuce. Ya koma wani benci. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi.

Za ki ce in faɗi gaskiya, maiɗakina ma haka take ta yi mini naci. Amma na ga yadda aka yi da wani dattijonmu da idonsa ya yi rauni. Aka naɗa shi uban ƙungiya, aka ba shi kujera mai hannu, kowa na ce masa Baba a huta, har ya huta da zuwa gaba ɗaya. Ni ba na son kujera, aiki nake so. Kuma ina jin kunyar a riƙa yi mini ihu kamar ana kiran mai nisa. Har na fara tunanin in janye jikina shiru, in ce ƙafa ke damuna. Ya zan yi?

Mai kunne ɗaya

Baba mai kunne ɗaya,

Sannu, na tausaya maka ƙwarai. Rashin ji ba laifi ba ne, aikin da ka ci da iyalinka da shi ne ya bar maka shi. Tsoron a ajiye ka a gefe ma ba shirme ba ne, ka ga an yi wa wani a gabanka.

Amma ka duba ta ɓangaren abokinka. Mutum ne da ya binne ƙaninsa, ya duba cikin masu gaisuwa bai gan ka ba, duk da haka ya zo ya faɗa maka da bakinsa, saboda kai ne nasa. Abin da ya sani kawai shi ne ya faɗa, kai kuma ka yi dariya. A yau fassara biyu gare shi: ko izgili ka yi, ko ba ka damu ba. Gaskiyar da kake ɓoyewa ta fi duka biyun sauƙin ɗauka. In ka janye da sunan ciwon ƙafa, ka bar shi da mummunar fassarar har abada.

Kada ka jira Asabar, kuma kada ka tare shi a shagonsa na kafinta inda ake buge-buge. Ka same shi a gida, ku zauna ido da ido. Ka fara da ta'aziyya, ita ce haƙƙinsa. Bayan nan ka faɗa masa kai tsaye cewa ba ka ji, ka daɗe ba ka ji, kunya ta sa ka ɓoye. Kada ka tsawaita kare kai. In bai sake da kai nan take ba, ka yi masa uzuri, yana cikin zafin rashi.

Sai ka je asibiti a duba kunnen, wataƙila akwai abin da na'urar ji za ta gyara. A taro kuwa ka nemi a kashe fankar in za a yi sanarwa, ka zauna gaba, ka juya kunnen dama ga mai magana. Ina kyautata zaton wasu sun daɗe da lura, kara suke yi maka. Ka faɗa musu da bakinka cewa ba ka zo hutu ba. Wancan dattijon ma da kyakkyawar niyya aka zaunar da shi, kuma ba mamaki ba wanda ya tambaye shi abin da yake so. Sai dai ka yarda da abu ɗaya: mai hawa sama dole waɗanda ke ƙasa su san ba ya jin kira, don lafiyarsa.

In kun zauna da abokinka, ka roƙe shi ya ba ka labarin ƙaninsa, yadda ya yi jinya da yadda ya cika. Duk kalmar da ta wuce ka, ka ce ya maimaita. Wanda ya yi rashi ba ya gajiya da maimaita zancen nasa ga mai son ji.

Allah ya jiƙan mamacin, ya ba ka lafiya, ya daidaita tsakaninku.